Kafin a Ce Gas Ya Ƙare: Abin da Ke Hana Firji Sanyi a Matamaye

A Matamaye firji kayan sana'a ne kafin ya zama kayan ɗaki. Da shi matan aure da yawa suke juya ɗan jarinsu: a ƙulla zoɓo da kunun aya da lemun tsamiya a leda, a daskarar da ƙanƙara, yara su ɗauka a kula su nufi tasha da bakin kasuwa. Mai shago ma da sanyin ruwan leda da lemo yake riƙe masu ciniki. Garin yana kan hanyar da ta taso daga Damagaram ta Takeita, ta bi ta Ɗan Barto ta tsallaka iyaka zuwa Daura da Kano, don haka matafiya masu ƙishi ba sa yankewa. Idan bazara ta kama, ko azumi ya faɗo cikin zafi, ranar da firji ya ƙi sanyi rana ce ta asarar riba da uwar kuɗi gaba ɗaya.

A irin wannan rana magana ɗaya ake ji daga mai firji har maƙwabta: "Gas ya ƙare." Sai a kira mai gyara ya ƙara gas, a biya, firji ya yi sanyi na 'yan makonni, ko ma bai yi ba, a sake komawa gidan jiya. Gaskiyar magana ita ce gas ɗin firji ba ƙona shi ake yi ba, kuma ba ya raguwa da aiki. A rufe yake cikin bututu, yana zagayawa shekara da shekaru. Idan ya ragu, to akwai inda ya huje. Sau da yawa kuma gas ɗin yana nan lafiya lau, matsalar tana bayan firjin, ko a soket, ko a bakin ƙofa. Wanda ya san yadda na'urar take aiki zai iya gano yawancin waɗannan da kansa, ba tare da ya kashe ko dala ba.

Yadda sanyi yake samuwa

Kowa ya san dalilin da ruwan randa yake sanyi. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin ƙasar, iska ta busar da shi, shi kuma yana tafiya da zafin abin da ke ciki. Duk ruwan da zai zama tururi sai ya sha zafi daga abin da ke kusa da shi. Firji ma a kan wannan ka'ida aka gina shi, sai dai maimakon ruwa, ana amfani da wani sinadari mai tafasa cikin tsananin sanyi. Wanda ake kira R134a yana tafasa a kusan digiri 26 ƙasa da sifiri, R600a kuma a kusan digiri 12 ƙasa da sifiri.

Zagayen yana da zango huɗu. Injin nan baƙi da ke zaune a ƙasa ta baya, wato kwamfuresa, yana matse gas har ya yi zafi. Gas ɗin mai zafi ya shiga ragar ƙarfen da ke bayan firji, ko bututun da aka ɓoye a cikin bangon gefensa, ya saki zafinsa ga iskar ɗaki, ya koma ruwa. Daga nan ya bi ta matata, ya kutsa cikin wani siririn bututu na jan ƙarfe, ya faɗa ɗakin sanyi inda matsi ya ragu. Nan take sai ya tafasa, ya zuƙe zafin zoɓo da nama da duk abin da aka ajiye, ya koma wa inji a sake matse shi.

Ke nan aikin firji kwashe zafi ne daga ciki a zubar a waje. Da zarar an gane haka, binciken ya zo da sauƙi, domin tambayoyin uku ne kacal. Shin zafin yana samun hanyar fita? Shin injin yana samun wutar da za ta juya shi? Shin zafin da ke shiga bai fi wanda ake kwashewa yawa ba?

Zafin ɗaki da ƙurar hunturu

Ragar baya ba za ta iya sakin zafi ba sai ta fi iskar da ke kewaye da ita zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a jihar Damagaram yakan wuce digiri 40, cikin shagon kwano kuwa da azahar ya fi haka. Idan aka manna firji da bango a lungun da iska ba ta ratsawa, zafin da ya fitar shi ne yake sake shaƙa. Injin zai yi ta aiki ba hutu, jikinsa ya yi zafin da hannu ba ya iya jurewa, ciki kuwa sanyi kaɗan-kaɗan.

Hunturu ma yana barin nasa gadon. Ƙurar da take sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana kwanciya a kan ragar, ta haɗu da yanar gizo da maiƙon girki, ta toshe hanyar fitar zafi. Ba a lura da haka lokacin sanyi saboda injin ba ya wahala. Sai bazara ta shigo asiri yake tonuwa.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. A cire soket, a janye firjin daga bango, a share ragar da burushi mai laushi ko busasshen tsumma. A bar tazarar aƙalla santimita 10 tsakaninsa da bango, a nisanta shi daga murhu da hasken rana da ke shigowa ta taga. Idan akwai ƙaramar fanka kusa da injin, a duba ko tana juyawa. Firiza mai buɗewa ta sama kuwa, da yawansu ba su da raga a baya, ta bangon jikinsu suke fitar da zafi, shi ya sa gefensu yake ɗumi. Mata da dama sukan lulluɓe irin wannan da zani ko bargo don kada sanyi ya fita. Muddin injin yana aiki, lulluɓin zafi yake tsarewa. Amfaninsa sai an ɗauke wuta, kuma a yaye shi da zarar an kawo.

Firjin da aka ƙera don wata ƙasa

A jikin kowane firji akwai takardar bayani, ko a baya ko a ciki kusa da akwatin kayan miya. Mutane kaɗan ne suke karanta ta, alhali a nan maƙerin ya faɗi iyakar zafin da kayansa zai iya jurewa. Harafin N yana nufin har digiri 32, SN ma iyakarsa 32. ST yana kaiwa 38. T shi ne na ƙasashe masu zafi, yana kaiwa 43.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin firji da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu na gwanjo ne, an gama amfani da su a Turai, suka sauka a tashoshin jiragen ruwa irin na Kwatano da Legas, suka hauro arewa. Da yawansu an ƙera su ne don gidajen da zafinsu ba ya wuce digiri 32. Irin wannan zai yi aiki sumul a watan Disamba, amma a ranar Mayu ya kasa daskarar da ruwa, ba don ya lalace ba, sai don an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ko an ƙara masa gas sau goma ba zai canja ba. Abin da za a iya yi masa shi ne a kai shi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a rage masa kaya, a bar daskarar da ƙanƙara sai dare.

Takardar tana faɗin irin gas ɗin ma. Idan an ga R12, to firjin tsoho ne tukuf. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa an daina yin wannan sinadari saboda yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga illar hasken rana. Turai ta bar shi tun tsakiyar shekarun 1990, ƙasashe masu tasowa kuma wa'adinsu ya cika a 2010. Firjin Turai mai R12 ya kai shekara 30 ko ya wuce. Tsofaffin firji suna shan wuta fiye da sababbi nesa ba kusa ba, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa Ghana ta fara aiwatar da dokar hana shigo da su a 2013. Araha a ranar saye takan dawo tsada a takardar kuɗin wuta.

Wutar da ba ta da ƙarfi

Kaso mai yawa na wutar da kamfanin NIGELEC yake rabawa a Maraɗi da Damagaram daga Najeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Jama'a sun ga abin da hakan yake nufi a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Ko a lokacin da babu rikici, bazara tana zuwa da ɗauke wuta, ga raunin wuta da yamma idan kowa ya kunna fanka da talabijin.

An ƙera injin firji ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. A daidai lokacin tashi yana jan wuta ninki da yawa na abin da yake ci idan ya kama aiki. Idan wutar ta yi rauni sai ya kasa tashi. Alamar a kunne ake jin ta: injin ya yi gurnani na 'yan daƙiƙu, a ji "ƙas", ya yi shiru, bayan 'yan mintoci ya sake gwadawa. Wannan "ƙas" ɗin ƙaramar na'urar kariya ce take yanke wuta don kada wayoyin cikin injin su ƙone. Fitilar cikin firji tana iya kamawa duk da haka, don ita wuta kaɗan take buƙata, saboda haka haskenta ba shaida ba ce cewa injin yana aiki.

Idan an ji wannan ƙara, a cire soket tukuna. A duba ko ƙwan ɗaki ya dushe ko fanka tana juyawa a hankali. A duba ko an jona firjin ne da doguwar waya siririya da aka jawo daga wani ɗaki ko gidan maƙwabci, domin irin wannan waya tana rage ƙarfin wuta kafin ta iso, tana kuma iya ɗaukar zafi ta tada gobara. Ƙaramin janareto da ƙaramar inbata ta sola su ma sukan kasa ɗaukar nauyin tashin inji. Idan kuma wuta tana da ƙarfi amma ƙarar ba ta daina ba, mai yiwuwa ƙaramar na'urar tayar da inji ce, wadda ake ce wa rile, ta mutu. Tana manne a gefen kwamfuresa, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na sabon inji ba. Kafin a yarda cewa inji ya ƙone, a nemi mai gyara ya gwada sabuwar rile a gaban mai kaya.

Akwai wata ɗabi'a mai tsawaita ran inji. Idan aka ɗauke wuta aka maido nan take, matsin gas a cikin bututu bai daidaita ba tukuna, injin zai yi ta fama ya kasa tashi. A cire soket idan an ɗauke wuta, a jira minti 5 bayan an kawo, sannan a jona. Na'urar daidaita wuta mai jinkirta kunnawa tana yin wannan da kanta, kuma ga mai sana'ar ƙanƙara ta cancanci kuɗinta. Haka nan firjin da aka ɗauko a kwance, a kan amalanke ko bayan mota, kada a kunna shi da isowa. Man da ke cikin inji yakan gangara cikin bututu, sai a tsayar da shi na wasu awowi ya koma mazauninsa.

Ƙofa, ƙanƙara da yawan kaya

Robar bakin ƙofa tana bushewa ta tsage da zafi da tsufa. Gwajinta mai sauƙi ne: a saka takarda a rufe ƙofa a kanta, a ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, iska mai zafi tana shiga ta wurin. A gwada kowane gefe. Wani lokaci datti ne kawai, ruwan ɗumi da sabulu sun isa. Idan ta yage sai a canja. A duba maɓallin saita sanyi ma, don yara sukan murɗa shi. A yawancin firji lamba mafi girma ita ce sanyi mafi yawa.

Ƙanƙarar da ke taruwa a bangon ciki mutane sukan ɗauka alamar lafiya ce. Idan kaurinta ya wuce rabin santimita, tana shiga tsakanin kaya da bututun da ke zuƙe zafi, sanyi ya ragu. A kashe firjin, a kwashe kaya, a bar ƙofa a buɗe, a saka kwanon ruwan ɗumi a ciki ta narke. Kada a kuskura a sa wuƙa. Bututun a cikin siririn falle na alminiyum yake, tsini kaɗan ya huda shi, gas ya fice, ruwa ya shiga. Garin neman gira a rasa ido.

Firjin zamani da ba ya tara ƙanƙara yana da nasa ciwon. Fanka ce take hura sanyi daga sama zuwa ƙasa, akwai kuma ƙaramar hita da ke narkar da ƙanƙara lokaci-lokaci. Idan fankar ko hitar ta mutu, sama zai yi sanyi, ƙasa kuwa ɗumi. A kashe shi kwana guda ƙofa a buɗe. Idan ya dawo daidai na 'yan kwanaki sannan ya koma, to matsalar ta narkarwa ce, ba ta gas ba.

Sai kuma lodi, wanda shi ne babban abin da ke damun masu sana'a. Mayar da ruwa ƙanƙara aiki ne mai nauyi. Zafin da za a cire daga lita guda ta ruwa mai digiri sifiri kafin ta daskare daidai yake da wanda za a cire a sauko da ita daga digiri 80 zuwa sifiri. Shi ya sa maƙera suke rubuta adadin kilon da firiza za ta iya daskararwa cikin awa 24. Idan takarda ta ce kilo 10, aka cusa leda mai nauyin kilo 40 ta zoɓon da bai gama hucewa ba, gari zai waye ba ko ɗaya da ta daskare, har wanda ya daskare jiya ya soma narkewa. A bar zoɓo da kunu su huce a cikin baho mai ruwa kafin a saka. A riƙa zuba kaya kashi-kashi, sababbi a jikin bango, a bar 'yar tazara. A rage buɗe ƙofa, a ware kayan sayarwa na yini a cikin kula.

Kayan lambu ma ba dole ne su cinye wurin ba. A shekarun 1990 wani malami, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa: ƙarama cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Aikin ya jawo masa kyautar Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi aiki a busasshen zafi irin na bazararmu, tana riƙe tumatir da tattasai da yalo kwanaki, ba ta kuma jiran a kawo wuta.

Idan da gaske gas ne

Bayan an duba duk waɗannan, akwai alamun da ke nuna yoyo. Injin yana aiki ba tsayawa amma ragar baya ba ta ɗumi, ko farkonta kawai yake ɗumi. Ƙanƙara ta kama kusurwa guda ta ɗakin sanyi, sauran wurin babu. Wani lokaci a ga ɗigon mai a inda bututu biyu suka haɗu. Toshewar siririn bututun nan ma tana ba da alamu masu kama da haka, kuma a nan aikin ya koma hannun mai gyara.

Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya fara da zuba gas. Zai nemo inda yake yoyo da kumfar sabulu ko na'ura, ya like, ya canja matata, ya zuƙe iska da laima daga cikin bututu da famfo, sannan ya zuba irin gas ɗin da takarda ta faɗa, daidai nauyin da ta faɗa. Firjin gida mai R600a sau da yawa gas ɗinsa bai kai giram 100 ba, don haka zubawa da ƙiyasi tana iya yin yawa, kuma yawan gas yana rage sanyi yana wahalar da inji. Kada a cakuɗa iri biyu, domin kowane inji da irin gas da man da aka yi shi da su. Kada a yarda a zuba gas ɗin girki. R600a kansa yana kama wuta, saboda haka ba a walda a bututun da ba a zubar da gas ɗinsa ba, kuma a fili mai iska ake aikin. Idan yoyon yana cikin bangon firji inda hannu ba ya kaiwa, ko inji ya ƙone a tsohon firji mai R12, gara a lissafa kuɗin gyara a gwada da na wani.

Abin da ke ciki

Rashin sanyin firji ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba. Nama da kifi da nono suna buƙatar ƙasa da digiri 5, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifiri. Sama da digiri 5 ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tun kafin wari ya bayyana. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4 bayan ɗauke wuta, cikakkiyar firiza kuma har kwana biyu, amma a zafin bazara kada a dogara da cikar wannan lokaci. Naman da ya narke ya yi ɗumi ba a mayar da shi a sake daskararwa a sayar wa mutane.

Magunguna sun fi tsanani. Yawancin alluran rigakafin yara ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8, shi ya sa asibitoci suke auna sanyin firjinsu safe da yamma, kuma ake ƙara raba musu firji masu aiki da hasken rana. Mai ciwon sukari da ke ajiye insulin a gida shi ma wannan iyakar ce tasa, kuma daskarewa tana lalata maganin kamar yadda zafi yake yi. Ƙaramin ma'aunin zafi da za a rataye a ciki ya fi taɓawa da hannu tabbas.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarshen hunturu, kafin zafi ya sauka, shi ne lokacin share raga, gwada robar ƙofa, narkar da tsohuwar ƙanƙara da duba waya. Mai niyyar saye ya karanta takarda ya nemi harafin T, ya sa a kunna masa firjin da rana tsaka ya ga aikinsa kafin ya biya. Wanda kuma mai gyara ya ce masa gas ya ƙare, yana da haƙƙin ya tambaya: "Malam, ta ina ya fita, kuma za ka like wurin kafin ka zuba?" Idan babu amsa, a nemi wani.